Riƙon fakej a Debian: yadda ake karɓar bog, a gano mai shi, a kai shi inda ya dace

Ran Asabar ɗin da ta wuce wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ya same ni a shago nan wajen Ƙofar Ƙaura, laftof a hammata, ko zama bai yi ba ya ce "Yaya, na ga wani fakej a Debian ba shi da mai kula da shi, ina so in ɗauka, ya ake yi?" Na ce mashi zauna tukunna ka sha ruwa. Dan ɗaukar ba ita ce aikin ba, imel ɗaya ne ka gama. Aikin yana farawa ne ran da wani bawan Allah da ba ka taɓa gani ba, a Jamus ko Indiya, zai rubuto ya ce abin da ka loda jiya ya tsayar mashi da aiki, kuma duk duniya sunanka ne a jikin fakej ɗin. Mun yi hira har aka kira magariba, toh shi ne na ce bari in rubuta abin da na faɗa mashi a tsare, dan na san ba shi kaɗai ba ne a Katsina da Daura mai wannan niyyar. Ga wanda bai sani ba, Debian tsarin Linux ne na kyauta mai tafiyar da kwamfuta, fakej manhaja ce da aka shirya dan a saka a cikinsa, bog kuma matsala ce a manhaja da rahoton da aka kawo a kanta.

Ni yadda na fahimci abin, riƙo ne. Kamar yadda ake ba ka ɗan 'yar'uwarka ka riƙe, ba kai ka haife shi ba amma ci da sha da tarbiyya suna wuyanka, in ya yi ɓarna a unguwa ƙofar gidanka za a zo. Manhajar akwai iyayenta, su ne waɗanda suka rubuta ta tun asali, mu dai apstirim muke ce masu. Kai aikinka ka ɗauko ta, ka shirya ta yadda za ta zauna lafiya da sauran dubban fakej da ke cikin Debian, ka tsaya tsakanin masu amfani da iyayen. Su kansu 'yan Debian fakej ɗin da aka saki ba mai kula da shi maraya suke kiran shi, kaga ashe ba ni na ƙirƙiro kwatancen ba.

Da farko ka san abin da kake shirin ɗauka

Debian tun 1993 take, Ian Murdock ya kafa ta, kuma har yau masu sa kai ne ke tafiyar da ita, ba mai biyan ka ko sisi. Akwai wani jeri da ake kira WNPP inda ake rubuta fakej ɗin da ke neman hannu. In ka ga O a gaban suna maraya ne, an mayar da shi hannun Debian QA Group. RFA mai shi yana nan amma ya gaji yana neman wanda zai karɓa. RFH yana riƙe da abinsa, taimako kawai yake so. Ni shawarata ga mai farawa, RFH ko RFA ya fi maraya, saboda akwai wanda zai nuna maka inda ɗakin ke yoyo. In kana so ka ga waɗanda suka shafi abin da ke kan injinka, saka devscripts ka buga wnpp-alert, zai jero maka su.

Kafin ka ce uffan, buɗe shafin fakej ɗin a tracker.debian.org ka zauna ka karanta. Bog nawa ne a buɗe, yaushe aka yi lodi na ƙarshe, su apstirim suna da rai ko shekara biyar ba su motsa ba, fakej nawa ne suka jingina da shi. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ke mantawa, ka ɗauki ƙaramin laburare, wato guntun manhaja da wasu manhajoji ke aiki da shi, kana ganin ba komai ashe manyan manhajoji da yawa a kan shi suke tsaye, ran da ka yi kuskure duk su za su zube. Sannan ka tambayi kanka gaskiya, kana amfani da abin nan kuwa? In ba ka amfani da shi kar ka ɗauka. Wanda ba ya buɗe manhaja kullum ba zai ji lokacin da ta fara ciwo ba.

In ka gamsu, sai ka canza taken rahoton WNPP ɗin daga O ko RFA zuwa ITA, wato kana da niyyar ɗauka, ka sa kanka a matsayin mai shi. A fayil ɗin debian/control akwai layin Maintainer, akwai na Uploaders, duk adireshin da ke layin Maintainer shi ne kowane sabon bog zai faɗa wa kai tsaye. Dan haka dan Allah sa imel ɗin da kake buɗewa da gaske, ba wanda ka buɗe lokacin rajistar makaranta ka manta kalmar sirrinsa ba. Tunda kai sabo ne ba ka da izinin lodi da kanka, sai ka ɗora a mentors.debian.net ka nemi wanda zai duba ya loda maka. In akwai ƙungiya mai kula da irin fakej ɗinka a Salsa, shafin da 'yan Debian ke ajiye aikin fakej ɗinsu, kamar ta Python ko ta font, shige su, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bog ya shigo, mi za ka fara yi

Abu na farko ka amsa. Ba gyara na ce ba, amsa. Ko layi biyu ne, na ga saƙonka na gode zan duba ƙarshen mako. Mutum ya ɓata lokacinsa ya buɗe reportbug ya cike tambayoyi ya aiko, in ya ji shiru wata uku ba zai ƙara aiko wa kowa rahoto ba, kuma kai ne ka yi asara dan shi ne idonka a kan injin da ba ka da shi.

Nan akwai wani rami da kusan kowa ke faɗawa, ni ma na faɗa. A ce lambar bog ɗin 123456 ce. In ka aika amsa zuwa 123456@bugs.debian.org, saƙon zai shiga tarihin bog ɗin, zai je wa mai kula da fakej, amma ba zai je wa wanda ya kawo rahoton ba. Sai ka sa shi a Cc da hannunka ko ka aika ta 123456-submitter@bugs.debian.org. Sau da yawa za ka ga an tambayi mutum ƙarin bayani, an yi shekara ana cewa ya ƙi amsawa, alhali tambayar ba ta taɓa isa gare shi ba.

Na biyu ka gwada ko matsalar za ta faru a wajenka. Kar ka gwada a kan laftof ɗinka da ka cika da tarkace, gwada a wuri mai tsabta, sbuild ko pbuilder dan gini, injin gwaji na cikin kwamfuta dan amfani. Na san data tana ciwo, shi ya sa ni na saka apt-cacher-ng, duk abin da na sauke sau ɗaya ba na ƙara sauke shi, kuma manyan abubuwa da dare nake jawo su in wuta ta zauna. Duba sigar da mai rahoton ke amfani da ita, stable ce (fitowar da aka kammala) ko testing (mai jiran fitowa ta gaba) ko sid (inda sabon lodi ke fara sauka), dan sau tari abin da yake kuka da shi an riga an gyara a sabuwar siga. In ka ga matsalar da idonka sa mata alamar confirmed. In bayanin bai isa ba sa moreinfo ka faɗi takamaiman abin da kake so, kar ka ce "ƙaro bayani" kawai, ce mashi buga kaza ka turo min abin da ya fito. In ka yi iya yinka ba ta faru ba akwai unreproducible. Ba sai ka rubuta wasiƙa daban ba, a saman amsarka kawai ka sa layi kamar haka:

Control: tags -1 + moreinfo

Wannan -1 ɗin yana nufin bog ɗin da kake amsawa.

Bog ɗin nan na waye

Nan ne zan daɗe, dan nan ne zuciyar aikin. Mai amfani da kwamfuta ba ruwan shi da sanin wane fakej ne ya yi laifi, shi dai inda ya ga hayaƙi nan zai nuna, kai ne za ka bi hayaƙin har ka ga inda wutar take.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru a gabana. Wani maƙwabcina mai shagon buga takardu, wanda na sa wa Debian a tsohuwar kwamfutarsa, ya kira ni da rana tsaka ya ce "Malam zo ka gani, katin ɗaurin aure nake bugawa an ce gobe da safe za a karɓa, sunan unguwar ya ƙi fitowa." Na je na tarar ya rubuta Ƙofar Soro, amma a wurin Ƙ wani ɗan akwati ne fanko, ɗ na ɗaurin aure ma haka, mai katin yana zaune kan benci yana ta duba agogo. Shi a wajensa manhajar rubutun ce ta lalace, kuma da shi zai kai ƙara ita zai kai. Toh amma harafi ɗaya kafin ya fito a takarda hannu nawa yake bi? Akwai tsarin kibod, wanda a Debian yana cikin xkb-data, kuma akwai na Hausa a ciki, setxkbmap ng -variant hausa ke kunna shi. Akwai font ɗin da aka zaɓa. Akwai fontconfig mai nemo madadi in font ba shi da harafi. Akwai manhajar kanta, sannan akwai abin da ke aika wa firinta.

Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe tamina, wurin buga umarni, na danna harafin, ƙ ta fito sarai, kaga kibod ya fita daga zargi. Lambar ƙ a Unicode 0199 ce, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4, sai na buga fc-list ":charset=199" ya jero min duk font ɗin da ke da ita, na ado da ya zaɓa dan katin ba ya ciki. Muka canza zuwa wani mai ƙugiya, kati ya fito, mai kati ya tafi. Da a ce rahoto ne ya zo min a kan manhajar rubutun, aikina shi ne in mayar da shi kan fakej ɗin font ɗin, kuma dpkg -S da sunan fayil shi ke faɗa maka wane fakej ne ya kawo fayil ɗin.

Mayarwar da reassign ake yi, amma yadda ake yin ta shi ne tarbiyyar. Kar ka jefa wa mutum bog ta katanga ka gudu. Shi sabon mai kula ɗin abin da zai iso mashi ɗan saƙon na'ura ne cewa an mayar mashi da lamba kaza, bai ga hirar baya ba. Dan haka ka sa sunan-fakej@packages.debian.org a Cc, ka rubuta a taƙaice ga abin da aka kawo, ga abin da na gwada, ga dalilin da ya sa nake ganin naka ne, in na yi kuskure ka dawo min da shi. Ka gyara taken da retitle ya dace da ainihin matsalar. In matsalar tana bayyana a fakej ɗinka duk da ba naka ba ce, sa affects, ta yadda na gaba da zai zo da kuka iri ɗaya zai gan ta a shafinka. In kuma ba ka tabbata ba, tambaya za ka fara yi kafin ka mayar. Ba abin da ke kashe bog kamar mutum biyu su yi ta cilla wa juna shi, kowa na cewa ba nawa ba ne, mai rahoto na tsaye a tsakiya. In gardama ta yi tsanani Debian na da kwamitin fasaha mai yanke hukunci, amma wannan sai an ƙure duk wata hanyar magana.

In rahoto biyu ko uku abu ɗaya suke faɗa, haɗe su da merge ko forcemerge, ka gaya wa kowa cewa an haɗe.

Sai batun owner, wanda shi ne sa hannu a kan bog guda ka ce ni zan yi. A fakej na mutum ɗaya ba a cika buƙata ba, dama naka ne. A ƙungiya kuwa wajibi ne, dan bog ɗin da ya faɗa wa mutum goma ba na kowa ba ne, kowa na zaton wani zai taɓa. Layin shi ne Control: owner -1 ! kuma alamar motsin rai ɗin tana nufin ni mai aiko saƙon. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na taɓa sa sunana a kan wani bog ana saura kwana kaɗan azumi, da niyya mai kyau, sai azumi ya shigo, sai hidimar Sallah, sai rashin lafiya a gida, wata biyar ban waiwaye shi ba. Ran da na dawo na tarar wani ya rubuta cewa yana da gyara tun tuni amma ya ga sunana a kai shi ya sa ya dakata. Abin ya dame ni ƙwarai, dan mutane sun yi wata biyar suna fama da abin da maganinsa ke hannu, sunana ne ya tare hanya. Tun daga nan in na ga sati biyu ban taɓa abu ba, noowner nake sawa in rubuta inda na tsaya.

A wasu gidajen sunaye ne suka bambanta, aikin ɗaya ne. Fedora a Bugzilla na Red Hat suke, kowane fakej yana da babban mai kula wanda bog ke faɗa wa kai tsaye, yana tafiya daga NEW zuwa ASSIGNED har ON_QA da CLOSED, kuma fakej ɗin da ya yi sati 6 yana maraya cire shi ake yi. Ubuntu a Launchpad suke, in aka sa rahoto a Incomplete aka yi kwana 60 ba amsa sai ya mutu da kansa. Kuma ka sani yawancin fakej ɗin Ubuntu daga Debian ake kwaso su, dan haka leƙa Launchpad lokaci-lokaci, za ka tarar da koke a kan fakej ɗinka wanda bai taɓa iso maka ba.

Nauyin bog

Matakai bakwai ne a Debian: critical, grave, serious, important, normal, minor, wishlist. Ukun farko su ake kira RC, masu hana fakej shiga fitowa ta gaba. Critical shi ne wanda ke lalata wasu abubuwan da ba ruwansu ko ya jawo babbar asarar bayanai, grave fakej ɗin ba ya amfanuwa ga yawancin mutane, serious ya taka dokar Debian sosai, misali ya ƙi ginuwa daga tushe. Mai rahoto yakan zaɓi babba dan shi abin ya dama, kai kana da hurumin saukar da shi, amma ka faɗi dalili cikin ladabi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saukar da nauyi dan kawai fakej ɗinka ya samu ya wuce testing, wannan cin amana ne. In ka bar RC ya daɗe ba motsi, na'ura da kanta za ta aiko maka gargaɗi sannan ta fitar da fakej ɗinka daga testing, har da waɗanda suka jingina da shi, kaga ka jawo wa wasu. Debian kusan duk shekara biyu take fitowa, bookworm a watan Yuni 2023, trixie ran 9 ga Agusta 2025, kuma watanni kafin fitowa ake fara daskarar da komai a daina karɓar manyan canje-canje. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka share RC ɗinka tun kafin a rufe ƙofa.

Kai ƙara wajen iyaye

Yawancin bog ɗin da za su zo maka ba a shirinka na fakej suke ba, a cikin manhajar kanta suke. Kar ka ce wa mai rahoto je ka faɗa wa apstirim, kai ne za ka kai, shi ne riƙon. Ka rubuta masu a inda suke karɓar rahoto, da sigar da matakan da za su bi su ga matsalar, sannan ka dawo ka sa forwarded da adireshin rahoton da alamar upstream. In sun gyara sa fixed-upstream.

In abin na gaggawa ne kana iya yin faci da kanka, wato ɗan gyara a cikin manhajar, ka ajiye a debian/patches, da bayani a kansa irin na DEP-3, waye ya rubuta, dan mi, an aika sama ko ba a aika ba. Amma ka ji tsoron faci a wurin da ba ka gane ba. A 2006 an cire wasu layuka a OpenSSL na Debian, manhajar ɓoye sirri, dan a kashe wani gargaɗi da Valgrind mai binciken kurakurai ke yi, mai kula ɗin har tambaya ya yi kafin ya cire, amma maganar ba ta samu dubawar da ta kamata ba. Ashe layukan nan su ne ke sa mabuɗan sirri su zama ba a iya hasashen su. Sai a watan Mayu 2008 Luciano Bello ya gano, lokacin kusan shekara biyu duk mabuɗin da aka ƙirƙira da OpenSSL ɗin a Debian da Ubuntu yana cikin 'yan dubbai kimanin 32,000 na kowane iri da kowa zai iya lissafowa, dole duniya ta zauna canza mabuɗai. Duk facin da ka yi ka tura wa masu abin su gani, su faɗa maka a fili sun yarda ko ba su yarda ba.

Haka kuma kar ka haɗiye duk abin da ya sauko daga sama ido rufe. Ran 29 ga Maris 2024 Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ƙofar baya a xz, manhajar matse fayil, siga 5.6.0 da 5.6.1, ya lura ne dan shiga inji daga nesa ta ssh ya ƙara kusan rabin daƙiƙa a kan injinsa mai Debian sid. Wanda ya dasa ta ya yi shekaru yana taimako har aka amince da shi, lokacin da asalin mai manhajar ya gaji shi kaɗai, kuma an yi ta matsa wa masu fakej su yi sauri su ɗauki sabuwar sigar. Allah ya taimaka ba ta kai stable ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dan haka in sabuwar siga ta fito, uscan ya sauko maka da ita, karanta bambancinta da ta baya, duba sa hannun, kuma in baƙon suna ya zo yana ta azalzalarka ka loda yau-yau, wannan azalzalar kanta dalili ce na ka dakata. In kuma rahoton tsaro ne da bai fita fili ba, kar ka sa shi a bog na kowa da kowa, rubuta wa team@security.debian.org su za su nuna maka yadda za a bi.

Gyara da rufewa

Nan ba tsawo. Ka gyara, ka gina a wuri mai tsabta, ka bi da lintian mai duba kurakuran fakej, in akwai gwajin autopkgtest ka gudanar. A debian/changelog ka rubuta abin da ka yi da Closes: #123456, in lodin ya shiga bog zai rufe da kansa har da sigar da aka gyara. Kafin lodin sa pending dan a san yana hanya. Fakej mai gaggawa matsakaiciya kwana 5 yake yi a sid kafin ya wuce testing, in gwajinsa ya ci yakan ragu. Gyaran stable hanyarsa daban, sai ka nemi izinin masu kula da fitowa ta release.debian.org, kuma ƙaramin faci kawai suke karɓa. In ba lodi ne zai rufe bog ba, misali ba matsala ba ce tun farko, aika bayani zuwa 123456-done@bugs.debian.org, wannan yana isa ga mai rahoto. Abin da ba za ka yi ba kuma ka sa wontfix ka faɗi dalili, ya fi ka bar mutum yana jira.

Ran da wani ya taɓa maka fakej, da ran da ka gaji

Wata rana za ka buɗe imel ka ga wani ya yi NMU, wato ya loda gyara a fakej ɗinka ba da hannunka ba, sigar ta koma kamar 1.2-3.1. Kar ranka ya ɓaci. Doka ta ba shi dama musamman in RC ne ya daɗe ba ka motsa ba, kuma yawanci ta layin DELAYED ake sawa dan ka samu kwanaki ka duba ko ka dakatar. Ka gode mashi, ka ɗauki facinsa ka haɗe a naka, in ba haka ba lodinka na gaba zai goge gyaran matsalar ta dawo. Kai ma in za ka yi wa wani, ka fara aika facin a bog ɗin, ka tsaya kan abin da ya lalace kawai, ban da gyare-gyaren son rai a gidan mutane.

In za ka yi tafiya, aikin Hajji ne ko hidimar ƙasa ko jarabawa, faɗa wa ƙungiyarka ko mai loda maka, ka ce daga wata kaza zuwa kaza ba na nan duk wanda ya ga matsala ya loda. In kuwa abin ya fi ƙarfinka gaba ɗaya, ba kunya a ciki, aure na zuwa, aiki na canzawa, laftof na mutuwa. Nemi taimako da RFH, in bai isa ba RFA, in ba wanda ya zo mayar da shi maraya da O. Wanda ya ɓace shiru shi ne ke ba mutane wahala, sai ƙungiyar MIA mai bin sawun waɗanda suka ɓace ta yi ta neman shi, ko wani ya buɗe ITS, wato rahoton niyyar ceto fakej, ya jira kwana 21 kafin ya iya karɓar fakej ɗin, duk wannan lokacin bog na taruwa.

Kuma in za ka miƙa, miƙa da bayani. Ni abin da nake rubutawa shi ne waɗanne bog ne na fara ban gama ba da inda na tsaya, wane faci ne apstirim suka karɓa wanne ne suka ƙi da dalilinsu, wane gwaji ne ke faɗuwa wani lokaci ba gaira ba dalili, da wa ake magana a can sama kuma ta wace hanya ya fi saurin amsawa. In tura duk abin da ke kan laftof ɗina zuwa Salsa, in cire sunana daga owner na kowane bog.

Shi ƙanen nawa da muka buɗe shafin marayan da ya gani, bog 14 ne a buɗe, biyu RC, apstirim kuma sun daɗe ba motsi. Na ce mashi kar ya rubuta ITA yanzu, ya zaɓi uku daga cikin bog ɗin ya gwada su a sid, ya rubuta abin da ya gani a kowanne tare da sa mai rahoton a Cc, in akwai wanda ba na fakej ɗin ba ne ya kawo min mu rubuta saƙon reassign tare. Ya ce "Toh Yaya, Asabar mai zuwa in sha Allahu." Na ce ya taho da cajarsa, ta shago ba ta shiga laftof ɗinsa.